Katanga ko Unguwa: Ina Ya Fi Dacewa da Yaro Mai Galahanga?

Makafi suna da sarki. Guragu suna da nasu, kutare ma haka, kuma a manyan garuruwanmu an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in ana son magana da su. Kurame sun kafa ƙungiyoyi, suna da majalisunsu da maganarsu ta hannu. Akwai rukuni ɗaya na masu naƙasa da ba su da sarki, ba su da fada, ba su da mai magana da yawunsu sai uwar da ta haife su: yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta tafiya daidai da shekarunsu. Yaron da ya shekara biyar bai haɗa kalma biyu ba. Yarinyar da ba ta kallon idon mutum, ba ta waiwayowa in an kira sunanta, ta wuni tana jujjuya murfin kwalba. Wanda aka yaye shi wuyansa bai tsaya ba. A asibiti da gidajen rediyo ana ce musu masu galahanga, a unguwa kuwa sunayen da ake kiransu da su ba su da daɗin maimaitawa.

Ba kaɗan ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa yara da matasa miliyan 317 a duniya suna fama da wata larura da ke kawo wa girmansu da koyonsu cikas. Wasu da ita aka haife su. Larurar Down, wadda ke samuwa idan jariri ya zo da ƙari a ƙwayar gado ta 21, tana samun kusan ɗaya cikin jarirai dubu, gidan mai kuɗi da gidan talaka. Otizim kuwa hukumar ta taɓa ƙiyasta yaro ɗaya cikin ɗari. Amma a wajenmu da yawa lafiya lau aka ɗauki cikinsu, a hanya abin ya same su: doguwar naƙudar da ta hana jariri numfashi a kan lokaci, shawarar da ta rina idon jinjiri aka tsaya ana jiƙe-jiƙe har ta taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauron da ya hau kai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya a tsakar gida. An ƙirga waɗanda suka rasu. Waɗanda suka rayu da taɓuwar ƙwaƙwalwa yanzu samari ne da 'yan mata, suna nan a ƙauyukansu.

Uban da ya ƙi yarda a kulle irin wannan yaro a ɗaki, ya ce sai ya yi karatu, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya nemi makaranta ta musamman, mai katanga da ƙwararrun malamai, wadda galibi ta kwana ce kuma tana babban birnin jiha. Ko ya kama hannunsa ya kai shi firamaren unguwa inda yayyensa suke zuwa, ya nemi malamai da maƙwabta da mai unguwa su taya shi riƙo. Masana ilimi sun kusa shekara hamsin suna jayayya a kan hanyoyin nan biyu, kuma kowane ɓangare yana riƙe da hujja mai nauyi.

Makaranta ta musamman ita ce babba a shekaru, ita ya kamata a fara saurara. A Arewa tarihinta ya fara da makarantar makafi ta Gindiri, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ware babi guda domin ilimin masu buƙata ta musamman, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. Daga nan jihohi suka yi ta gina nasu, irin ta Tudun Maliki a Kano da takwarorinta a Kaduna da Sakkwato da Minna. Abin da irin wannan makaranta take da shi ba abin rainawa ba ne. Akwai malamin da ya san cewa yaron da ke buga kansa da bango ba iskanci yake yi ba, wani abu ne ya dame shi ya kasa faɗa. Akwai tsari iri ɗaya kullum, wanda mai otizim yake samun natsuwa da shi. Ba wanda zai bi yaro da ihu a hanya, domin kowa a cikin katangar yana da tasa larurar. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa a taron ƙara wa juna sani ba: uwa tana samun hutu. Matar da ta shekara goma ba ta je biki ba, ba ta je gaisuwar mutuwa ba sai a gurguje, ta ajiye sana'arta saboda ba wanda za ta bar wa yaron, in ta ce tana son inda za a riƙe mata shi wata uku, ba rashin tausayi ne ya sa ta faɗa ba.

Ko a Ingila, inda ake da kuɗi da ma'aikata, maganar ba ta mutu ba. Mary Warnock, wadda rahoton kwamitinta na 1978 ya buɗe wa yara masu buƙata ta musamman ƙofar makarantun kowa da kowa, ita da kanta ta fito a 2005 ta ce tsarin ya cutar da wasu yaran, musamman masu otizim da ake tsangwama a manyan makarantu, ta nemi a riƙe ƙananan makarantu na musamman dominsu. Wanda duk zai ce a rushe katanga, ya fara amsa wa wannan baiwar Allah.

Sai dai makarantunmu na musamman, mafi yawansu domin makafi da kurame aka gina su, kuma akwai dalilin da ya sa suka yi wa waɗannan amfani. Makaho yana zuwa ne ya karɓi makami guda, rubutun makafi, ya tafi da abinsa. Wanda ya koye shi a Gindiri zai karanta shi a Gusau. Kurma yana zuwa ya sami yare da 'yan'uwa masu jin yaren. Shi kuwa mai raunin fahimta, babbar matsalarsa ita ce abin da ya koya a wuri ɗaya ba ya binsa zuwa wani wurin cikin sauƙi. Malaman wannan fanni sun san haka sarai. Za a shekara ana koya masa ciniki a aji da kuɗin takarda na wasa, ya iya, a tafa masa. Ranar da aka aike shi kantin bakin layi da naira ɗari biyar ta gaske, ga hayaniya, ga mai kanti yana sauri, sai ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa gani ba. Abin da yake buƙata ya iya a rayuwa shi ne tsallaka titin unguwarsu, gane gidansu daga masallaci, kama ruwa a irin ban-ɗakin gidansu, gaida mutane, sanin wanda zai bi da wanda zai guje wa. Waɗannan darussa a inda za a yi aiki da su ake koyonsu.

Ga kuma wata tambaya da kowane mahaifin irin wannan yaro yake kwana da ita: bayan raina, wa zai riƙe shi? Makaranta tana sallamar ɗalibi. Ko ya shekara goma sha biyu a ciki, ranar fita tana zuwa, kuma unguwa zai dawo, inda zai yi sauran shekara talatin ko arba'in na rayuwarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara bakwai ya dawo yana saurayi, sa'o'insa ba su san shi ba, mai shayi bai san yadda yake neman abu ba, ƙannensa ma baƙo suke ganinsa. Wanda kuwa ya tashi a cikinsu, ko bai iya rubuta sunansa ba, yana da mutum arba'in ko hamsin da suka zauna aji ɗaya da shi. A cikinsu wani zai zama ɗan sanda, wani direban a-daidaita-sahu, wata ma'aikaciyar asibiti. Ranar da ya ɓace a kasuwa, ɗayansu ne zai gan shi ya kira sunansa. A ganina wannan ita ce riba mafi girma da firamaren unguwa take bayarwa, kuma ba a rubuta ta a takardar sakamako.

Lissafi ma bai goyi bayan katanga ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma kusan rabinsu yara ne. Ko da tsohon adadin nan aka tsaya, aka ɗauki ɗaya cikin ɗari na masu otizim, an haura yara dubu arba'in masu larura iri ɗaya tak. Makarantar kwana mai ɗaukar dubu, sai an gina arba'in, kusan ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin 44 da jihar take da su, kafin a zo kan masu Down da masu shanyewar gaɓɓai. Ba jihar da za ta yi wannan. Cibiyoyin kuɗi da ake buɗewa a Abuja da Kaduna da Kano wasunsu suna aiki mai kyau, amma kuɗin zango ɗaya ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, balle manomi a Doguwa. Saboda haka ga yawancin iyaye zaɓin ma ba tsakanin makarantu biyu yake ba. Firamaren unguwa ce ko zaman ɗaki, ko kuma a tura yaro bara tare da ɗan jagora.

Batun tsaro kowane ɓangare yana jansa wajensa. Uwar yarinya mai galahanga tana tsoron hanya, kuma tana da gaskiya: yarinyar da alawa za ta sa ta bi kowa, wadda in an cuce ta ba za ta iya bayani ba, ita mugu yake nema. Amma katanga ba ta kawar da wannan tsoro, ɓoye shi take yi. Yarinyar da ke kwana a gida, uwarta ce ke yi mata wanka, za ta ga tabo, za ta lura yau ta ƙi cin abinci ko tana firgita. Wadda ke nesa sai hutu.

A takarda, duniya ta riga ta yanke hukunci. A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantar kowa da kowa ita ce ta kowane yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ta tabbatar da haka, Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce kowace makarantar gwamnati ta karɓe su, kuma ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da karatunsu.

A zo a leƙa ajin. Yara ɗari ko fiye a ƙasa, malama ɗaya, alli ɗaya, bulala ɗaya. An kawo yaron da ba ya iya zama minti biyar, ƙara tana gigita shi, bai gama iya riƙe fitsari ba. Mako na farko a ajiye shi a baya. Na biyu yara su gano abin da ke sa shi ihu, su mayar da shi abin wasan lokacin tara. Na uku hedimasta ya aika a kira uwar, ya ce mata cikin ladabi, Hajiya, ki riƙe shi a gida tukuna har ya ƙara wayo. Ba na ganin laifin malamar. Italiya, wadda ta rufe azuzuwan ware yara da dokar 1977, ba da baki kawai ta yi ba: ta sa malamin tallafi na musamman a aji, ta rage yawan ɗaliban ajin da ke da mai naƙasa zuwa wajen ashirin, ta wajabta a zauna da iyaye da ma'aikatan lafiya a tsara wa kowane yaro abin da zai koya. Mu ba mu da aji mai mutum ashirin, ba kuma za mu samu nan kusa ba. In dai abin da ake nufi da haɗa yara shi ne a rubuta sunan yaro a rajista a bar malama da Allah, to makaranta ta musamman ta fi shi sau goma.

Abin da ke sauya awon shi ne wanda ya shigo tsakanin gida da aji. Misalin da ya fi kama da mu yana Zanzibar, tsibiran Tanzaniya da kusan duk mutanensu Musulmi ne, masu azuzuwa cike da yara da ƙarancin kuɗi irin namu. A 2004 ma'aikatar iliminsu ta haɗa hannu da ZAPDD, ƙungiyar iyayen yara masu irin wannan larura, da wata takwararta ta ƙasar Nowe mai suna NFU, suka fara gwaji a makarantu 20 a tsibiran Unguja da Pemba. Ba su fara da gini ba. Kowace makaranta ta kafa kwamiti na malamai da iyaye da mutanen gari. Aka bi ta hannun shugabannin unguwanni, waɗanda can ake kira sheha, aka nemo yaran da ke ɓoye a gidaje, ma'aikatan lafiya suka duba su, aka ba malaman aji gajeren horo. Matasan da shekarunsu suka wuce firamare aka nema musu koyon sana'a. Cikin 'yan shekaru makarantun suka haura 80, ma'aikatar kuma ta buɗe sashe na musamman domin aikin. Abin lura a nan shi ne wanda ya riƙe ragama. Iyaye ne, waɗanda ba a yi musu canjin wurin aiki, ba sa kuma yin ritaya daga 'ya'yansu.

Mu ma ba daga fili za mu fara ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka tsara cewa kowace firamare a Nijeriya ta kasance da kwamitin gudanarwa na jama'a, wanda ake kira SBMC, mai ɗauke da hedimasta da wakilan malamai da iyaye da mata da masu sana'a da mai unguwa da malamin addini da ɗalibai. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, har da Kano da Jigawa da Kaduna. A Nijar akwai irin wannan kwamiti, COGES, wanda wani shiri na ƙasar Japan ya farfaɗo da shi daga jihar Tawa a 2004, inda jama'ar gari ke zaɓen 'yan kwamiti da ƙuri'ar sirri su kuma tsara aikin shekara da kansu. Kwamitocin nan sun saba da gyaran rufi da sayen tabarmi da bin iyayen da suka cire 'ya mace. Abin da ya rage shi ne a ba uwar yaro mai galahanga kujera a ciki, ba ta gayya ba, ta dindindin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta san cewa in ya fara kaɗa hannu fitsari yake ji, ta san ba ya son a taɓa masa kai, kuma minti goma da za ta yi da malama a farkon zango ya fi kwana uku na bita a otel.

Nemo yaran ma mun iya. Ƙasar da ta bi gida-gida shekara da shekaru tana ɗiga wa yara maganin shan-inna, tana rubutu da alli a jikin ƙofa, har aka tabbatar a Agustan 2020 cewa cutar ta daji ta ƙare a Afirka, ba za ta ce ba ta san yadda ake gano yaro a ƙuryar ɗaki ba. Matan da suka yi wannan aiki suna nan, suna shiga inda namiji ba ya shiga, sun san gidan da ake cewa yara huɗu ne alhali biyar ne. Haka ungozoma, haka matan ƙungiyoyin addini irin su FOMWAN da zumuntar mata ta coci.

Sai malamai na addini, waɗanda aikinsu a nan ya fi na kowa sauƙi kuma ya fi tasiri. Akwai maganar da ake yawan faɗa wa iyayen: ai shi an ɗauke masa alƙalami, me za a wahalar da shi? Gaskiya ce a muhallinta, wanda hankalinsa bai cika ba ba a kama shi da laifi. Amma ɗauke masa hisabi daban, ɗauke wa iyaye da jama'a nauyin koya masa tsarki da gaisuwa da Fatiha daban. Huɗuba ɗaya da za ta raba waɗannan biyu, ta kuma ce yaron nan ba ɗan ruwa ba ne, ba alhakin uwarsa ne ya kama ta ba, za ta buɗe ƙofofin da takardar ma'aikata ba za ta buɗe ba. Ni har ina ganin makarantar allo ta unguwa ta riga boko sanin wani abu. A can kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ɗan shekara shida da ɗan sha biyu a tabarma ɗaya, ba wanda ake kora don ya daɗe a sura ɗaya. Yara da yawa masu raunin fahimta a nan kaɗai suka taɓa zama cikin sa'o'insu. A cire dorina, tsarin kansa abin koyi ne.

A cikin aji mai mutum ɗari, mataimakan da malama take da su na gaskiya su ne yaran. Biyu ko uku daga layinsu da za su biya masa da safe su rako shi, su zauna kusa da shi, su raka shi ban-ɗaki, a riƙa sauya su don kada ya zame wa ɗaya kaya. Wannan ya magance rabin tsoron hanya, ya kuma rage tsokana, domin yaron da aka ba amanar wani ba ya yarda a taɓa shi. Bayan firamare kuma aikin ya koma hannun wakilin masu sana'a da ke cikin kwamiti. Ba kowane yaro ne zai je sakandare ba, kuma ba abin kunya ba ne. Gidan burodi, wankin mota, ɗaurin kaya a leda, kiwon kaji, ban-ruwan lambu, duk ayyuka ne masu maimaituwa da da yawansu suke iyawa har su fi masu gaggawa. Sharaɗi dai kwamiti ya san maigidan, ya san nawa ake biya, ya riƙa leƙawa, don tsakanin koyon sana'a da bautar da yaro tazarar ba ta da yawa.

Kada a ɗauka wannan hanya ba ta da ramuka. Na farko shi ne alawus. Kwamiti da yawa ana kafa su ne ranar da farar mota ta zo, ana zama muddin akwai kuɗin mota da lemo, ranar da shiri ya ƙare zama ya ƙare. Aikin sa-kai kuma yana gajiyarwa, kuma kusan kullum a kan mata yake faɗawa, matan da dama can aiki ya yi musu yawa. Ramin da ya fi zurfi shi ne kyakkyawar niyya ba tare da sani ba. Yara masu irin wannan larura da yawa suna da farfaɗiya. Ranar da ta tashi a aji, in ba wanda ya san cewa ba a ɗaukarta ta miyau, cewa kwantar da shi ake yi ta gefe a kawar da abin da zai ji masa ciwo, ba a cusa masa cokali a baki, to gobe iyayen sauran yara ne za su zo su ce ko shi ko 'ya'yansu. Unguwa tana da hannuwa da ƙafafu, amma ilimin abin sai an kawo mata. Kuma ana iya kawowa ba tare da likita ba: Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari na horar da iyaye, zama tara a rukuni da ziyara uku a gida, wanda ma'aikatan da ba ƙwararru ba suke gudanarwa, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya.

Akwai kuma yaran da, a faɗi gaskiya, ajin mutum ɗari ba zai karɓe su ba ko an yi me. Wanda ba ya iya zama sai an tallafe shi, wanda haɗiyar abinci ma sai an kula, wanda hayaniya ke sa ya ciji kansa har jini. Waɗannan suna buƙatar ɗaki mai shiru da hannun ƙwararre. Ko su ɗin, ɗaki ɗaya a cikin harabar firamaren gari, su zo da safe su koma gida da azahar, su yi taron safe da wasa tare da sauran yara, ya fi musu kwana a wani gari. Legas ta bi wannan hanya tun farkon shekarun 2000, ta buɗe irin waɗannan rukunai a cikin makarantun gwamnati.

In aka ce in zaɓa, firamaren unguwa na zaɓa, da sharaɗin ba ita kaɗai ba. Makaranta ta musamman kuma ban ce a rufe ta ba. Makafi da kurame suna buƙatarta, kuma ita ce wuri ɗaya a jiha da gwanintar ta taru. Kuskuren shi ne a bar gwanintar a zaune tana jiran yaron da ba zai taɓa isowa ba. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da kwalejin Oyo suna yaye malaman wannan fanni duk shekara, kuma ba abin mamaki ba ne ka sami ɗayansu a wata firamare yana koyar da lissafi kamar kowa, ba wanda ya tambaye shi me ya karanta. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana iya zaƙulo su daga jerin ma'aikatansa ba tare da an ɗauki sabon ma'aikaci ko ɗaya ba. A ba kowannensu makarantu biyar ko shida na kusa da juna, ya riƙa zagayawa: yau ya zauna a aji ya nuna wa malama yadda za ta raba darasi gida-gida, gobe ya shiga gida ya ga uwa, jibi ya zauna da kwamiti, ƙarshen wata ya koma makaranta ta musamman ya kai matsalolin da suka gagare shi. Abin da wannan malami yake buƙata mashin ne da mai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma a cikin rabon akwai kashi 2 cikin 100 da aka keɓe domin yara masu buƙata ta musamman. Kwamitocin makarantu suna da damar zuwa ofishin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharsu, su tambayi inda kason bara ya tafi, su kuma nemi a sa man mashin ɗin a na bana.